Neman shawara: in bar takin zamani saboda alƙawarin mai sayen riɗi?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena manoma. Ni da yayana muke riƙe da gonakin gidanmu a ƙasar Gagarawa, muna gero da wake da riɗi, da ɗan zoɓo a gefe. Bayan girbi wakilin wani kamfani ya tara mu a ƙofar mai gari, ya ce suna neman riɗi da zoɓon da ba a zuba wa takin zamani ba, ba a kuma yi wa feshi ba, za su saya sama da farashin kasuwa. Ni abin ya kwanta min a rai, don kuɗin kamfa da yuriya ya fi ƙarfinmu, ga ƙasar duk ta gaji. Yaya kuwa ya ce ba da shi ba. Hujjarsa ita ce, in ka kai kaya Maigatari ranar Alhamis babu mai tambayar ka yadda ka noma, kuɗi ɗaya ake ba kowa. Don Allah a ba ni shawara kafin damina ta faɗi.

Dattijo daga Ɗambatta: Wa alaikumus salam ɗana. Wannan noman ai shi muka buɗe ido muka tarar. Da rani jakuna ke jigilar taki a mangala, mutanen kewayen Kano har sharar birni suke ɗebowa. Bayan girbi Fulani su sauka a gonarka, shanu su ci kara su bar maka kashi. Gawo kuma ba a sare shi, don da damina yake zubar da ganye, geron gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Amma in tambaye ka, dabbobi nawa gare ku a gida? Yau kara da harawa sayar da su ake yi, makiyayi ba ya samun wurin sauka. In tumaki biyar ne a turke, takinsu ba zai ratsa gonakinku ba. Yayanka rumbu yake dubawa, kada ka ga baƙinsa.

Dillali a Dawanau: Ɗan'uwa, yayanka ya faɗi gaskiya. Mu nan abin da muke dubawa a riɗi shi ne fari ne, ya bushe, ba ƙasa ba tsakuwa. Zoɓo kuma launi da tsabta. Na wanda ya yi feshi da na wanda bai yi ba duk tuli ɗaya suke shiga. Alƙawarin baki cinikin biri a sama ne. A rubuta a gaban mai gari: nawa za su ɗora a kan farashin ranar, buhu nawa za su ɗauka, kuɗi hannu ne ko bashi.

Malamin gona daga Haɗeja: Malam, ƙarin kuɗin da ake faɗa takardar shaidar noma ba sinadari ce ke jawo shi, barin taki kaɗai ba ya isa. Turai sai gona ta yi shekara 2 ba sinadari kafin shukar da za a karɓa, Amurka kuwa shekara 3 kafin girbi. A tsakanin nan amfani kan ragu, farashi kuma na kowa ne, a nan mutane da yawa ke karaya. Mai binciken da ke ba da takardar kuɗi yake karɓa, ƙaramin manomi shi kaɗai ba zai iya ba, sai dai ku haɗu a ƙungiya. Za a so ku riƙa rubuta abin da kuka zuba a gona, ku bar tazara tsakaninku da maƙwabci mai feshi, buhunanku ma kada su zama na taki ko na magani. To ku tambayi wakilin: wa zai biya kuɗin binciken, kuma sunan wa za a sa a takardar? In sunan kamfani ne, ranar da kuka ɓata kun rasa ta. Ni shawarata, ware gona ɗaya ta riɗi da zoɓo, su ne ba su cika cin taki ba. Gero ka bar wa Yaya yadda ya saba. Wake kuma kada ka fara da shi, tsutsa da ƙwari ba sa raga masa lokacin fure.

Matashi daga Kura: Malam ya gama magana. A 2016 da tsutsar nan da ake kira sharon ta shiga tumatir a Kadawa, maganin kanti ma bai tare ta ba, balle ruwan darbejiya. Sannan duk wanda ya bar maganin ciyawa ya tanadi kuɗin 'yan ƙwadago.

Mai sayar da abinci a Kano: Ɗana, ni mai saye ce, kuma damuwata a wajen ajiya take. Sai ka buɗe buhun wake wari ya buge ka, an zuba masa Sniper. Saboda irin wannan maganin ne Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Ga buhun PICS nan mai ɓawo uku, in ka ɗaure shi da kyau ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba sai da guba ba. Wanda na san wakensa haka yake, wallahi ina ƙara masa kuɗi ba tare da wata takarda ba, kuma irina muna da yawa a birni.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, awaki shida ne da shanun huɗa biyu. Malam, akwai wata gonarmu ta jigawa da ta daɗe ba ta ga takin zamani ba, ita ma sai ta jira?

Malamin gona: Akan rage wa irinta lokaci in akwai hujjar da mai bincike ya gamsu da ita. Ka fara da ita, ka kai mata takin awakin tun da rani. Ka kuma je ofishin JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Jigawa, na yankinku tare da Yaya, a duba muku yarjejeniyar kafin kowa ya sa hannu.