Me ya sa kamfanonin gem ba sa ba mu ɗanɗano kafin mu biya?

Dan_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai tsire ma yakan yanko maka ɗanɗano kafin ka ce a naɗe. To don me kamfani zai sa wa gem dala 70, ya ce a biya tun bai fito ba, kuma babu demo, wato ɗan sashen gem na kyauta, da mutum zai gwada? Rowa ce, ko akwai dalili? Kuma idan babu demo, ta yaya za a san gem zai tashi a laftof kafin a ƙona data?

Injiniya_Kongo:
Wa alaikumus salam. Akwai rowa, akwai kuma dalili. Demo ba yankan tsire ba ne, aiki ne mai zaman kansa. Sai an ware kwafin gem ɗin wata biyu ko uku kafin fitowa, a zaɓi sashen da za a nuna, a toshe sauran hanyoyi, a cire fayilolin gaba. In ba a cire su ba, masu tonon fayil za su fito da ƙarshen labarin su watsa a intanet. Sannan a PlayStation da Xbox sai demo ya bi tantancewar Sony ko Microsoft shi kaɗai, kamar cikakken gem. Duk wannan a daidai lokacin da ma'aikata ke fama da gyaran kurakuran ƙarshe.

Na biyu kuma tsoro ne. A 2013 Jesse Schell, mai ƙirar gem kuma malami a Amurka, ya nuna alƙaluman Xbox 360 inda wasannin da suka fito da bidiyon talla kawai suka fi masu demo ciniki nesa ba kusa ba. Lissafin mai sauƙi ne: wanda talla ta riga ta kama, demo ba zai ƙara masa komai ba, sai dai ya sa ya fasa. Amma fa wannan ribar kamfani ce. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 babu demo, a PS4 yana daskarewa yana fita da kansa, har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yuni 2021. Demo na minti 30 da ya tona wannan tun da wuri.

Baban_Khalifa_PZ:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma in ƙara ta ɓangaren gidajen gem, domin a Sabon Gari da Tudun Wada ƙwallo ce kasuwa. EA, kamfanin da ke yin gem ɗin ƙwallo, ta daina sakin demo ɗinsa tun daga FIFA 21 a 2020. Abin da ta maye gurbinsa da shi gwajin awa 10 ne ta EA Play, wanda sai ka biya kuɗin wata, kuma cikakken gem ɗin za ka sauke gaba ɗaya. Ga mai sayen data da giga, wannan ba ɗanɗano ba ne. Awa goman kuma tana tafiya ko kana zaune a menu, don haka a rufe gem ɗin gaba ɗaya in an tashi.

A kula da dokar Sony: kwana 14 ne na mayar da kuɗi, amma da zarar ka fara saukewa ka rasa damar, sai in gem ɗin ya lalace. Tunda kuma da asusun Amurka ko Ingila da katin loda kuɗi na PlayStation ake saye a nan, ko an mayar ma yawanci cikin asusun zai zauna, ba naira za ta dawo aljihu ba.

Zainab_Kwangila:
Malam Dan_Samaru, tambayarka ta biyu ita ce mai amfani. A kwamfuta abin ya fi sauƙi. Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, na yin bikin Next Fest sau uku a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, ana sakin demo na wasannin da ba su fito ba, galibi na ƙananan kamfanoni, domin su demo ne tallarsu. In babu demo, Steam na mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga awa 2 ba. Kuɗin ne ke dawowa, data ta tafi.

Yadda ake gwajin shi ne mutane ke kuskurewa. A jona caja tukuna, domin a batir laftof na rage ƙarfin kansa. A kunna ma'aunin firem na Steam, wato adadin hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa ɗaya. Kada a yanke hukunci a minti biyar na farko: injin bai ɗau zafi ba. A buga minti 25 zuwa 30, da rana, a ɗakin da za a riƙa buga shi. Zafin Zariya na Maris da Afrilu kan sa laftof ya fara da firem 50, fanka ta fara kuka, ya sauko ƙasa da 30 saboda injin na rage gudu don kada ya ƙone. A buɗe Task Manager na Windows a duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita: in giga 8 ce kuma ta cika tun a demo, cikakken gem zai fi haka tsanani. Ƙananan tsaye-tsaye a karon farko da aka shiga wuri ba lallai matsala ba ne, sau da yawa shirya hotuna yake. A sake bin wurin. In ya maimaita, matsala ce.

Dan_Samaru:
Na gode ƙwarai, Malama. Ke nan in demo ya yi kyau a saya kawai?

Injiniya_Kongo:
A'a, a yi hattara. Kamfani ne ya zaɓi abin da ka gani, kuma ya fi goge wannan sashen. Demo na cikin kogo ko ɗaki ba zai nuna maka yadda injin zai yi a babban gari mai cunkoso ba. Wanda ya fi gaskiya shi ne mai ba ka farkon gem ɗin yadda yake, kuma ci gabanka ya wuce zuwa cikakken, kamar na Final Fantasy XVI a Yuni 2023, kimanin awa biyu. Ko shi ma a jira kwana uku bayan fitowa, a nemi bidiyon wanda ya buga tsakiyar gem ɗin da katin hoto (graphics card) irin na kwamfutarka, a rage ingancin bidiyon zuwa 480 don data, lambar firem da ke kusurwa kawai ake son gani.