Kofur ya mutu a Jaji, mu muna Indiya

Maman Ummi
Salamu alaikum 'yan zaure. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Wata 7 ke nan muna Welintan, can kan tsaunukan Nilgiri a kudancin Indiya, inda maigida yake kwas a kwalejin horar da hafsoshi. Jiya ƙaninsa ya bugo daga Jaji ya ce karenmu ya mutu. Shekara 12 muna tare. Barci ya ƙi zuwa, sai na rubuta wannan. Mai karɓa ya karɓa.

Kare ne, ku ce, to, kare ne haƙiƙa,
Amana irin tasa ba ta da tamka.

Waya ce da hantsi ta zo daga Jaji,
Da jin sallamarsu na san za ni kuka.

Igiya biyu farare ya zo da su a damtse,
Shi ya sa muka ce Kofur, sunan ya ɗauka.

Uban Ummi na can a Darfur da aiki,
Yana nan a ƙofa, ina nan a ɗaka.

Da tsufa ya zo, furfura ta ci baki,
Ido ya yi yana, ƙafa ta ƙi ɗauka.

Har get ka raka mu kana ɗingisawa,
Na ce "sai mun dawo", ashe ba ganinka.

Ɗan Ƙofar Mata
Anti, Allah ya ba da haƙuri. Amma wallahi sai na faɗa:

Anti, share hawaye da gefen gyalenki,
Kare ne ya faɗi, ba san turkenki,
Mu muna nan muna mafarkin bizarki,
Ke kina can kina makokin mai cin ƙanzonki,
Shekara sha biyu yana gadin gidanki,
Igiya biyu cak, ba ƙarin girma, kaico Kofur ɗinki.

Baba Saje
Kai yaro, zo nan.

Igiya biyu, yaro, ba abin wasa ba,
Ba a Kantin Kwari ake sayenta ba,
Na yi shekara tara ban ga ta uku ba,
Kai ko ta aure ɗaya ba ka riƙe ba,
Tuzuru, me ka sani da ba cin tsire ba?

'Yata Maman Ummi, kar ki kula shi. A watan Agusta na 1990 jirgin ruwa ya sauke mu a tashar Monrobiya ta Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ana ta ruwan wuta. Lokacin ba wayar hannu. Wasiƙa sai ta yi wata da watanni kafin ta iso. Na bar uwargida a bariki da yara huɗu, kuma abin da ke sa ni runtsawa a ramin tsaro shi ne na san akwai mai haushi a ƙofar gidana. Wanda bai taɓa barin iyali ya tsallaka teku ba, ba zai gane kukanki ba.

'Yar Damagaram
Sai Baba! Wallahi an gama. "Ko ta aure ɗaya ba ka riƙe ba." A kawo wa yaron nan ruwa ya sha.

Ɗan Ƙofar Mata
Ba a gama ba, Hajiya, yanzu aka fara.

Baba, karen bana shi ke maganin zomon bana,
Labarin Laberiya mun ji shi tun muna nana,
Ko gaisuwa aka yi sai ka ce "a zamanina",
Ko kuɗin cefane aka tambaya sai "ranar da na kwana",
Ni tuzuru ne, na yarda, lafiya lau nake barcina,
Ba mai tashe ni da begila kafin fitowar rana.

'Yar Damagaram
"Tun muna nana" kuma mene ne? Amsa-amo ya ƙare maka sai ka ƙirƙiro kalma. Baba ɗaya, kai sifili.

Bakatsine
Ni dai na ba Ɗan Ƙofar Mata wannan zagayen, gaskiya ɗaya ce. Af, Maman Ummi, ba kwalejin nan ba ce Buhari ya yi kwas a 1973?

'Yar Damagaram
Kar ka fara. Duk zancen da aka ɗauko sai ka kai shi Daura.

Malam Mai Arulu
Ina yi wa Maman Ummi jaje. Bayan haka, tunda zauren waƙa ne, a bar ni in yi aikina.

Baitin farko Mutaƙarab ne tsaf, ɗaya daga karuruwan Arulu, wato ma'aunin waƙar Larabci: fa'ulun sau huɗu. Ku rera ku ji: ka-re-ne / ku-ce-to / ka-re-ne / ha-ƙi-ƙa. Gaɓa 12, ba ragi ba ƙari. Baiti na biyar ya fi kowanne kyau, "ido ya yi yana, ƙafa ta ƙi ɗauka", wannan ko a gaban manya za a karanta shi. Amma ɗangon farko na baiti na uku gaɓa 15 ne, ya yi ƙiba, kari ya karye. Da an ce "Farar igiya biyu ce bisa damtse" da ya zauna daram.

Sai na biyu. Babban amsa-amonki "ka" ne: tamka, kuka, ɗauka. Amma kin buɗe da "haƙiƙa". Ƙa daban, ka daban. Wanda ya ce ɗaya ne, ya kira ƙafa kafa mu gani.

Su Saje da yaronsa kuwa ban ga karin da zan auna ba.

Idan za a ɗinki a nemo ma'auni,
Idan babu shi har gwani zai yi muni.

'Yar Damagaram
Ana ta'aziyya, Malam, kai kana awo,
Mudu ka ɗauko, ba gaisuwa ka kawo,
Mai ciwo ba ta ƙirga gaɓar ciwo,
Halilu mai Arulu, a Basra ya yi nasa yawo,
Makaɗan ƙasarmu ba daga can suka dawo.

Malam Mai Arulu
Hajiya, ɗangonki na ƙarshe ya rasa "ba" ta biyu. "Ba daga can suka dawo ba" ake cewa. Kin yanke wa jimla wutsiya don ki tsira da amsa-amo. Kuma ban ce makaɗan baka ba su da kari ba. Suna da shi, kalangu da kotso ke riƙe musu. Mu da muke rubutawa ba ganga a hannunmu, me zai riƙe mu in ba ma'auni ba? Tun zamanin Shehu da 'ya'yansa malamanmu ke zuba Hausa a cikin waɗannan karuruwa, ba baƙon abu na kawo ba.

'Yar Damagaram
To a rera tawa a rera taka a gidan biki, mu ga wadda mata za su karɓa.

Bakatsine
Malam na da gaskiya a kan ƙa da ka. Amma a bakin wasu mutanen ai ba ka jin bambancin.

Malam Mai Arulu
A bakin wa? Kawo sunan garin.

Bakatsine
Ba zan kawo ba, kar a ce na zagi wani.

Baba Saje
Malam, ka ce ba ka ga karina ba. Ga shi:

Hagu, dama, hagu, dama, shi ne karina,
Shekara talatin yana yawo a jinina,
In baiti ya yi ɗingishi, ya biyo sawuna,
Ƙarfen Monrobiya har yau yana jikina.

Malam Mai Arulu
Wannan kam ba zan auna ba, Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Ustaz Ɗan Fagge
Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun jiya ake ta baitoci a kan kare, ba wanda ya tuna hadisin da ya ce wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum.

Ku ji tsoron Allah, ya 'yan'uwana,
Kare najasa ne, haka na ji wajen malamaina,
A yi wa mutum waƙa, shi ne ra'ayina.

Malam Mai Arulu
Ustaz, hadisin ya inganta, ba musu. Amma kalmar najasa ka sassauta. A Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki umarni ne muke bi. Kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida da gadin gona da garke. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan: katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare. Aka ce masa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Matar soja da goyo, miji na Darfur, wa ya fi ta bukatar mai gadi? Ka buɗe Suratul Kahfi aya ta 18, ga kare nan ya shimfiɗa zira'insa a bakin kogo. Ga kuma mutumin da ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa.

Baitinka kuma ɗango uku ne, na tsakiya ya fi sauran tsawo da nisa.

'Yar Damagaram
Yau Malam ya burge ni. Amma maganar mudu tana nan.

Ustaz Ɗan Fagge
Zan duba. Ni dai kar a shigar da shi ɗaki.

Maman Ummi
Ku gafarce ni, kwana biyu ban leƙo ba. Ummi ce ta ƙi cin abinci, sa'arta ne, tare suka yi rarrafe. Kuma muna gaban gida da awa 4 da rabi, in kuna hira mu mun yi nisa a barci.

Ustaz, Kofur bai taɓa tsallake dokin ƙofa ba. Kwanonsa daban, wurin kwanansa gindin mangwaro. Malam, na karɓi gyaran baiti na uku, na gode. "Haƙiƙa" kuwa a bar min ita, da ita ta fito daga bakina.

Ɗan Ƙofar Mata, ƙanena, ban ji haushinka ba, amma bari ka ji. A ƙarshen Satumba na 2007, cikin azumi, aka kai hari sansanin sojojin Tarayyar Afirka a Haskanita, can Darfur. Bakwai daga cikin waɗanda aka kashe 'yan Najeriya ne. A rediyo na ji. Baban Ummi yana Darfur lokacin, laftanan ne, ban san ko a wane sansani yake ba a wannan makon. Kwana uku ba labari. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai matan bariki mu leƙo ta labule, kowace na addu'ar kar a ƙofarta za a yi sallama. Ummi na da wata biyu. Kofur ɗan kwikwiyo ne, ko haushin kirki bai iya ba. Ya jawo tsohon but ɗin maigida daga baranda ya ɗora haɓarsa a kai, ya kwana a nan dare ukun nan. In na fito sahur sai ya ɗaga kai ya dube ni ya mayar. Har ranar da waya ta shigo.

Da za mu taho likitan dabbobi ya ce ba zai jure doguwar tafiyar jirgi ba, shi ya sa muka bar shi. Na san daidai muka yi, amma zuciya ta ƙi ji.

Masu tambayar yadda garin yake, ga shi:

Gari ne a tsauni, hazo na rufewa,
Ruwan alwala da asuba ba ya taɓuwa.

Gonakin shayi sun zagaye mu ko'ina,
Ɓauna kan ratsa tana kiwo, ba ta kulawa.

Birai kan faɗo kicin su kwashe ayaba,
Da Kofur yana nan da ba su iyawa.

A kasuwar Kunur ga zogale, ga tsamiya,
Har garin tamba na samu, tuwo na tuƙuwa.

Kuka da daddawa kaɗai suka gagara,
'Yar wadda na ƙullo ta kusa ƙarewa.

Ranar da muka hau ɗan jirgin ƙasa zuwa Uti,
Ummi ta sayo wa wuyanka ƙararrawa.

Tana nan a jaka, tsarabar da ba mai karɓa,
Ga shi saura wata huɗu mu kama dawowa.

Ɗan Ƙofar Mata
Anti, na janye.

Na yi zato wasa ne, ashe gaske ne kukanki,
A yafe wa ƙanenki, Allah ya dawo da ku gidanki.

Amma ni da Baba ba mu gama ba.

Baba Saje
Ina nan, yaro. Ka fara kawo goron sa rana tukuna.

'Yata, a gaida Manjo. Shi me ya ce?

Maman Ummi
Baba, ka san halinku. Da aka faɗa masa bai ce uffan ba, ya sa hula ya tafi aji. Da dare na iske shi a baranda cikin sanyin nan yana goge takalmin da ya riga ya goge. Can ya ɗauki waya ya kira ƙaninsa, ya tambaya inda aka binne shi. Aka ce gindin mangwaron. Ya ce to. Sai ya ce kwanon da igiyarsa kar a ba kowa, a ajiye masa a ɗakinsa har ya zo.