Fitsarin gizo-gizo ne ko hangara?

Inna (Birni): Salamu alaikum 'yan uwa. Jikana ya tashi yau da ƙuraje masu ruwa a wuya, jere kamar an ja masa layi da garwashi. Fitsarin gizo-gizo ne. Jiya na ga wani ƙato a bango, daidai saitin shimfiɗarsa. Toka zan shafa ko kanwa?

Kawu (Miriya): Wa alaikumussalam. Yaya, ki bar gizo-gizo ya huta, wannan aikin hangara ne, ƙwarin nan na gonar gero. Duk shekara in gero ya fidda kai ya fara bunni, watan 8 da na 9, suke cika gona suna cinye furen. Da dare kuma su biyo hasken fitila har cikin gida. Bara ɗaya ta sauka min a hannu ina alwala, na murje ta ban sani ba. Kafin asuba wurin ya ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen mai.

Inna: To ai ni hangarar ban gani ba, gizo-gizon na gani da idona. Kuma tun kakanninmu haka ake kiran abin nan.

Ɗiyar Inna (ma'aikaciyar jinya): Inna, don Allah kada ki sa toka, kada ki sa kanwa, kada kuma a fasa ƙurjin. A wanke da ruwa da sabulu, a bar shi ya sha iska. Maganar Kawu tana kan hanya. Hangara na da wani dafi a jikinta, kantaridin, wanda take fitarwa in an danne ta. Yaro na barci ta hau shi, ya kai hannu ya goge, shi ya sa ƙunar ke fitowa a layi. Ƙunar ba ta tashi nan take, sai bayan wasu awowi, lokacin ƙwaron ya daɗe da tafiya. Gizo-gizo kuwa yana nan a bangonsa, sai laifi ya faɗa kansa. Abin da yake fitarwa ɗan farin ɗigo ne mai kauri, irin wanda kike gani a ƙarƙashin yanarsa, ba ya ƙona fata.

Baba (Zango): 'Yata, to ni nawa fa? Cikin sanyi ya same ni, ba gero ba hangara. Daga gadon baya ya zagayo har haƙarƙari, ɓangare guda, da zafin da ya hana ni sa riga kusan wata. Kowa ya gani cewa yake gizo-gizo.

Ɗiyar Inna: Baba, naka ne ma ya fi damuna, don ya yi kama da zona. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yarinta, take kwanciya a jijiya, ta farka in girma ya zo ko jiki ya yi rauni. Maganinta ya fi aiki in an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Na ga tsofaffi da suka zauna gida suna shafe-shafe saboda sunan nan, har abin ya kai ga ido. Wallahi yana min ciwo.

Inna: Na ji, tokar na fasa. Amma gizo-gizon sai na share shi yau.

Kawu: Share abinki, Yaya. Ki dai kashe fitilar tsakar gida da wuri, yaron ya kwana cikin sange. In kuma hangara ta hau mutum, hure ta ake yi, ba a murjewa.