In yanka layin ko in jira robar Kano?

Mushe na Zariya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata lakkol nan Maradi. Ɗan uwana ya aiko mini jirgin ƙasa na wasa daga Faransa, samfurin HO (sunan ajin girmansa ke nan), mai cin bolt 12. Kan jirgi biyu ne, transfo ɗaya. Na shimfiɗa layin bisa katako, na yi tashar Kano, Katsina da Maradi don yara su gani da idonsu. Da na murɗa wuta sai su tashi tare, ni kuwa so nake ɗaya ya tsaya Katsina ɗaya ya wuce. In sa zarto in yanka ƙarfen, ko in jira a sayo mini 'yan robar da ke raba wuta daga Kano? Abin da aka yanka ba ya komawa.

Ɗan Mokoyo: Mushe, sola za ka saya ka huta.

Mai gyaran rediyo: Ba wuta ya rasa ba. Mushe, ƙarfe ɗaya kaɗai ake rabawa, ɗayan ka bar shi a haɗe duk zagayen. Kowace tasha ka yanka wuri biyu, gaba da baya, tsakaninsu ya fi tsawon kan jirgin. Ka liƙa waya da dalma a gefen waje na guntun ƙarfen da ke tsakanin yankan biyu, ka kai ta ga makunni, daga makunni zuwa transfo. Ka kashe, jirgin da ke kai ya kwanta. Amma kada ka bar yankan a buɗe. Zafin watan Afrilu na miƙe ƙarfe har bakin ya sake haɗuwa. Cusa guntun robar katin SIM, ka ɗiga gam, ka goge ya yi daidai da ƙarfen.

Baba na Bagalam: Ɗana, kada ka bar kowa ya taɓa ma shi. Nawa jirgin wasan na kamfanin Märklin ne, mahaifina ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Na ba wani yaro da ya rantse ya iya. Ya ce transfo ya tsufa, ya jona batirin babur kai tsaye, ba fis. Sukundireba ta faɗi bisa layi, kafin ya fizge wayar roba ta narke, ɗaki ya cika da hayaƙi. Ya ce zai dawo da yamma. Har yau.

Mai gyaran rediyo: Allah ya mayar da alheri, Baba. Batiri ba ya ja da baya in wuta ta haɗu, shi ya sa ake sa fis ko ƙwan mota a kan wayar. Amma Märklin ta tsakiyar layi yake shan wuta, na Mushe ƙarfe biyu ne.

Baba na Bagalam: Ƙarfe biyu ko goma, ƙuna ƙuna ce. Ba kuɗin ke mini zafi ba. Jikokina na tambaya ina jirgin kaka, sai in nuna musu kwali. Uban yaron ma na same shi, wai abin wasa ne.

Uwar 'yan biyu: Subhanallahi. Baba, ka yi haƙuri. Mushe, makunni dala hamsin na saya a babbar kasuwa don fitilar shagona.

Ɗan Mokoyo: Hajiya, wane zamani? Dala ɗari da hamsin aka ce mini, kuma ɗan China.

Mai wayarin gidaje: Jaka guda ne mai kyau. Kuma ni ban yarda da yanka ƙarfe ɗaya ba, a raba duka biyun. Shekara da shekaru ina wannan aiki.

Mai gyaran rediyo: Aikin wutar gida mai bolt 220 ka sani, maigida. Raba biyun sai in layin ya yi lanƙwasa ya komo kan kansa, jirgi ya juyo ta inda ya fito. Ka taɓa riƙe irin jirgin nan?

Mai wayarin gidaje: Kai ka taɓa? Rediyo nawa ke tafiya bisa layi?

Ɗan kabu-kabu: Mushe, ka sa tashar Ɗan Issa da ɗan duwan. Ba makunni ba waya, jirgi zai tsaya da kansa.

Ɗan Mokoyo: Wallahi na Mushe zai riga na gaske shigowa gari. Tun Fabrairun 2021 Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maradi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Mu masu ɗauko kaya daga Kano mun san abin da mota ke ci mana.

Uwar 'yan biyu: Ni na Yamai zuwa Dosso ke ba ni tsoro. An shimfiɗa, an yi biki a 2016, ga shi nan kwance. Kada namu ya bi sahu.

Mushe na Zariya: Na gode ƙwarai. To robar Kanon fa, akwai wanda ya taɓa ganin ta a can?

Baba na Bagalam: In ka samu mai zuwa, ya tambayar mini ko ana samun layin Märklin ko da na hannu ne.

Ɗan Mokoyo: Baba, kuɗin mota zuwa Kano yanzu ma nawa ne? Makon jiya sai da aka sauke mu sau uku kafin Jibiya.