Tambaya a kan faifan Free Jazz na Ornette Coleman, Ba'amurke mai busa saksofon

Ɗanladi, Bukuru:
Assalamu alaikum. Wani abokina mai busa saksofon a cocinsu da ke Tudun Wada ya turo mini wannan faifai, ya ce sai na saurare shi kafin in ce na san jazz. Na saurara har ƙarshe, amma abin da kunnena ya ji shi ne kowa yana busa abin da ya ga dama. Don Allah, masana, akwai tsari a cikinsa, ko kuwa suna ne kawai ya ɗaukaka shi?

Malam Sabo, Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗanladi. Tsari kam akwai shi, sai dai lasifikar waya ba za ta nuna maka ba. An naɗe shi a New York ranar 21 ga Disamba, 1960, kamfanin Atlantic ya fitar da shi a 1961, kuma makaɗa takwas ne aka raba gida biyu. Coleman da Don Cherry da Scott LaFaro da Billy Higgins suna fitowa ta kunnen hagu, Eric Dolphy da Freddie Hubbard da Charlie Haden da Ed Blackwell kuma ta dama. Ka sa abin sauraro a kunne, ka cire na dama, ka bi gangar hagu kaɗai, za ka ji bugun bai taɓa ɓacewa ba. Kowane makaɗi yana da lokacin da yake jan ragama, sauran suna tanka masa, sannan a tsakani akwai gajerun busa da Coleman ya tsara tun kafin a shiga ɗakin naɗi.

Laraba, Rayfield:
Na yarda da bayanin Malam Sabo, amma kada a ga laifin Ɗanladi. Minti 37 ba hutu ba wasa ba ne, kuma ko a Amurka mujallar DownBeat ta buga sharhi biyu a kansa, ɗaya ya ba shi tauraro biyar, ɗayan bai ba shi ko ɗaya ba. Ni a ganina, wurin da masu kaɗa bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya) su biyu suka rage da ganguna, can kusa da ƙarshe, ya fi ko'ina daɗi.

Malam Sabo, Rikkos:
Gaskiyarki, 'yar'uwa. Ɗanladi, ka fara da faifan Coleman na 1959, The Shape of Jazz to Come, domin makaɗa huɗu ne kawai, babu fiyano, kuma karin waƙoƙin ya fi saurin zama a kunne.