Wace kalmar Hausa za ta tsaya a madadin "probate"?

Mai tambaya:
Salamu alaikum, malamai. Ana neman kalmar da za a sa wa probate, wato aikin da kotu ke yi kan wasiyyar mamaci, a rubutu kan wasiyyoyin manyan manoman Ingila na ƙarni na 16 da na 17. An kawo "rabon gado", "inganta wasiyya" da "tabbatar da wasiyya". Wacce ta fi dacewa?

Malamin tarihi:
Wa'alaikumus salam. A fara cire "rabon gado", don kotun ba ta raba komai. Idan manomi ya rasu, wasiyyin da ya naɗa, galibi matarsa ko babban ɗansa, shi zai kai takardar kotun coci, domin har zuwa 1858 aikin yana hannun coci ne. Zai rantse cewa ita ce wasiyyar mamacin ta ƙarshe, kuma zai biya bashi kafin ya ba kowa abin da aka bar masa. Kotu ta riƙe ta asalin, ta ba shi kwafi mai hatimi. Idan mamacin yana da kaya na fam 5 ko fiye a yankin wani bishop daban, ƙaramar kotu ba ta isa ba, sai babbar kotun Kantabari ko ta Yok.

Ana haɗawa da takardar ƙidayar kaya. Dokar 1529 ta ce aƙalla mutum biyu su yi wa kayan kuɗi. Sukan bi gidan ɗaki-ɗaki, daga katifar gashin tsuntsu da tukwanen tagulla har naman alade da ke rataye, sannan su fita waje: shanun huɗa, tumaki, hatsin rumbu, da alkamar da ke gona ba a girbe ba. Gonar mallaka kanta ba ta shiga lissafin, bashin da ake bin mamacin ma ba ya shiga. Don haka jimlar da ke ƙasan takardar ba ita ce arzikin mutumin ba.

Barista:
Haka ne, Malam. Sai dai kalmar tana ɗauke da abu biyu, aikin da kotu ta yi da kuma takardar da ta bayar. Aikin a ce masa "tabbatar da wasiyya", takardar kuwa "takardar izinin wasiyyi". A kuma bambanta ta da wadda ake ba dangi idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba. A nan, a wancan zamani, dokar 1670 ce ke aiki kan kaya da kuɗi: sulusi ga matar, sulusi biyu ga 'ya'ya, mace da namiji daidai. Gona kuwa babban ɗa ne ke ɗauke ta gaba ɗaya, ban da wurare irin su gundumar Kent, inda 'ya'ya maza ke rabawa, da wasu garuruwan da auta ne ke gada.

Malamin fikihu:
"Inganta" daidai take a bakin almajiri, amma mai karatu na yau da kullum zai ji kamar an gyara wasiyyar ne ta ƙara kyau. A bar ta. Abin da ya fi damuna ita "wasiyya" ɗin kanta. Bahaushe na jin ta zai tuna ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji. Ta Turawan nan kuwa yawanci don magada ake rubuta ta. Ba mu da wata kalmar da ta fi ta, amma a farkon ambato a sa jimla guda da za ta fayyace wannan.

Mai tambaya:
To, Allah gafarta Malam, "zartar da wasiyya" fa?

Malamin tarihi:
Zartarwa aikin wasiyyi ne, kuma yakan ɗauki shekaru. Tun dokar 1540 manomi na iya yin wasiyya da gonar mallakarsa. Abin da aka saba gani shi ne ya bar wa babban ɗa gona da sharaɗin ya biya ƙannensa kuɗi, kowa idan ya kai shekara 21 ko ranar aurensa, ɗan ya kuma bar wa gyatumarsa ɗaki da itacen wuta da saniyar tatsa muddin ba ta sake aure ba. A nan ake samun matsala: uba ya yanka kuɗin a shekarar albarka, ɗa ya zo biya a shekarar da amfanin gona ya lalace, sai jinginar da gona ko sayar da wani yanki.

Kuma hatimin coci bai shafi ƙasa ba, rigimar gona kotunan sarki ake kai ta. Daga 1677, wasiyyar gona sai a rubuce, da sa hannu da shaidu aƙalla uku. Idan biyu aka samu, ɓangaren kaya ya tsaya, na gona ya faɗi, magajin da doka ta sani ya ɗauke.

Edita:
Mun gode, malamai. An tsaya a kan "tabbatar da wasiyya" da "takardar izinin wasiyyi". Saura dower, kuma kada kowa ya kawo "sadaki" ko "tumunin takaba". Sulusin gonar miji ne da matar za ta ci amfaninsa iya rayuwarta, ba ta da ikon sayarwa, ranar da ta rasu ya koma hannun magaji. Barista, muna sauraronka.