Maƙwabta sun gayyace mu bikin 4 ga Yuli, mu je ko mu ba da uzuri?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bamu daɗe da dawowa wani ɗan ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka ba, maigida aiki ya kawo shi, kuma kaf layinmu mu kaɗai ne musulmi. To maƙwabciyata wata dattijuwa mai kirki ta ce ranar 4 ga Yuli mu fito da safe a je kallon faretin gari, da yamma kuma 'yan layi za su haɗu a bayan gidanta a yi gashi, kowa ya kawo abinci. Ni dai yara sun riga sun ɗaga min hankali sai sun je, amma ina tsoron alade da giya, ga shi ko girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, bamu samu ba balle a ce bikinmu ne, kar mu je mu zama 'yan kallo kawai. Me ake yi a wurin ne, kuma me zan kai?

Uwargida daga Maryland:
Wa alaikumussalam ƙanwata, ki je abinki. Ranar samun 'yancinsu ce, 4 ga Yulin 1776 aka amince da takardar ɓallewa daga Ingila a Philadelphia lokacin yankuna 13 ne kacal, kuma babu mai tambayarki takarda a bakin titi. Faretin ƙananan garuruwa ma ya fi daɗi wlh, motocin kwana-kwana ne da jiniya, tsofaffin sojoji, 'yan badujalar sakandare, tsofaffin motoci, wani lokaci har da tarakta, 'yan siyasa na ɗaga hannu ana watsa wa yara alewa. Kamar dai hawan sallah ne na gari, kowa ya san na cikin jerin, wannan jikan wane ne wancan malamar makaranta ce. Ki fita da wuri da kujerun naɗi don inuwa ƙarewa take, wasu tun daren jiya suke ajiye kujera su kama wuri. Ruwa da hula kar ki manta, zafin Yuli ba wasa ba.

Wani ɗan uwa daga Bronx:
Hajiya ni gaskiya faretin ba matsala amma zaman yamman nan ban ba da shawara ba, giya ce ke yawo a kula tun la'asar, yara na gani. A gaisa a ba su abinci a dawo gida ya fi.

Uwargida daga Maryland:
Malam ba a ƙi taka ba, amma fa duba inda take. Kai kana Bronx ga masallaci ga 'yan uwa ko ta ina, ita kuwa in maigida na wurin aiki wani abu ya taso cikin dare wannan dattijuwar ce za ta buga wa ƙofa. Haƙƙin maƙwabci ai bai ce sai musulmi ba. Ta je da wuri, ta zauna ɓangaren mata da yara, in ta ga zaman ya fara canza salo ta yi sallama.

Maman 'yan biyu daga Minnesota:
Maganar abinci nake so in ja miki kunne. Ki faɗa wa matar tun yanzu cewa bakwa cin alade bakwa shan giya, su ba sa jin haushin wannan, sun saba da masu cewa ba sa cin wannan ba sa cin wancan. Ki sayo namanku na halal ki tafi da farantin gashi na alminiyon a ɗora a gefe, don ƙarfen gashin ɗaya ne da sosej ɗinsu. Waken nan mai zaƙi da suke dafawa yawanci da naman alade a ciki, alewa mai danƙo da ake watsa wa yara ma ki duba bayan leda saboda jelatin, sinadarin danƙon da akan samo daga alade. Masara da kankana kuwa ki ci ki more.
Abin kaiwa, dafa-duka da zoɓo mai sanyi sun isa, ki rage attaruhu. In kuma tsire za ki yi to DOLE ki rubuta a takarda cewa akwai gyaɗa, yajinmu da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi kuma a nan akwai yaran da gyaɗa kaɗan za ta kai su asibiti, wannan ba abin wasa ba ne ko kaɗan.

Baba daga Chicago:
'Yata, in aka sa taken ƙasa ko tuta ta zo wucewa ki miƙe tsaye ki yi shiru, shi ke nan. Ɗora hannu a ƙirji na 'yan ƙasa ne, dokar tutarsu ma abin da ta nema daga baƙo tsayuwar ce kawai. Sannan ki lissafa sallah, a Ohio a farkon Yuli rana bata faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, wasan wuta kuma sai duhu ya yi sosai wajen 10, to ki yi magariba a gida tunda katanga ɗaya ce sannan ku fito.

Maman 'yan biyu daga Minnesota:
Au na manta, ƙarar wasan wutar daren nan in baki saba ba sai kin ɗauka harbi ne, kuma tun kwana biyu kafin ranar ake farawa, ki shirya yaran. Tsinken nan mai tartsatsi da ake ba yara a hannu zafinsa ya haura digiri 1000, kar ki ba ƙaramin. Kuma kar maigida ya sayo na fasawa sai ya tambayi dokar garinku, kowace jiha da nata, a Massachusetts ma gaba ɗaya an hana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, maigida ya karanta ya ce mu je, kuma na faɗa wa dattijuwar maganar alade ta ce ba komai za ta ware mana wuri. Tsiren dai na fasa saboda gyaɗar nan. Saura zoɓo, wa ya san inda zan samu busasshe a kusa da Columbus?

Uwargida daga Maryland:
Shagunan 'yan Afirka, in babu ki leƙa na 'yan Meziko ki ce jamaica, su ma suna shan sa, kuma nasu ya fi araha.